Kilim mai AUTO ya daina sanyi: a tambayi motar kafin a ƙara mata gaz

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Yamai da Tawa ke wuce digiri 40 kusan kullum, maganar da masu gyaran kilim suka fi ji ita ce "a ƙara mini gaz". A motar da kilim ɗinta na hannu ne, mai maɓallan murɗawa uku, wani lokaci hakan yakan yi magani. Motar da ke da maɓallin AUTO da ɗan allo mai nuna digiri kuwa lamarinta daban ne. A bayan maɓallan nan akwai ƙwaƙwalwa, wato ƴar kwamfutar kilim, ita ke yanke ko kwamfiresa, famfon da ke matsa gaz, zai tashi, da ƙarfin da fanka za ta hura, da yawan iskar zafi da za a gauraya da ta sanyi. Ita kuma ba ta ganin komai da kanta. Kamar makaho da ɗan jagora take: abin da ƴan na'urorin jin zafi, wato kaftar, suka gaya mata shi take bi. Kaftar ɗaya ya yi mata ƙarya, sai ka ga gaz cike, kwamfiresa lafiya lau, amma iska mai ɗumi na fitowa.

Kaftar ɗin da suka fi muhimmanci biyar ne. Na zafin cikin mota yana bayan wata ƴar taga mai tsaga-tsaga a jikin tablo, galibi kusa da gwiwar direba. Na zafin waje yana bayan parshok, a gaban kwandansa, wato radiyaton kilim da ke huce gaz. Na hasken rana ɗan baƙin ƙullutu ne a saman tablo, gab da gilashin gaba. Na huɗu yana manne da ebaforata, wato ɗan radiyaton da ke sanyaya iska, a can cikin akwatin iska, aikinsa hana ƙanƙara. Na biyar yana kan siririn bututun gaz, yana auna matsi. Hannayen ƙwaƙwalwar kuwa ƙananan injinan lantarki ne da ake kira sarbo: ɗaya na ƙofar gauraya zafi da sanyi, ɗaya na zaɓen inda iska ke fita, ɗaya na rufe iskar waje. Motar da direba da fasinja kowa ke saita nasa digirin tana da sarbo biyu na gauraya.

Gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki

Ka tada mota, ka murɗa digiri har ƙarshe, inda allo zai rubuta LO ko MAX COLD. A wannan matsayi ƙwaƙwalwa takan ajiye lissafinta ta tura ƙofar gauraya gaba ɗaya wajen sanyi. In sanyi ya zo sosai a LO amma ya gudu da ka mayar 22 ko 24, bar maganar gaz, laifin yana wajen kaftar. In ko a LO ɗin ma babu sanyi, ka ɗaga kapo ka taɓa bututun kilim biyu da ke shiga jikin mota. Mai kaurin ya kamata ya yi sanyi har ya ciji hannu, siririn ya yi zafi. Mai kauri yana sanyi amma ciki ɗumi, to sanyin ana yin sa, a hanya ake lalata shi: ƙofar gauraya ce ko sarbonta. Bututun biyu duk zafinsu ɗaya, kwamfiresa ba ya aiki, sai a nemi abin da ya hana shi.

Kafin a yi nisa, a dubi saman tablo. Yawancin motocin garin nan an shimfiɗa musu kafet a tablo don kada rana ta fasa shi, kuma kafet ɗin yakan rufe kaftar ɗin rana ruf. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka motar na cikin inuwa, ta rage fanka da tsakar rana a kan hanyar Doso. A yanka wa ƙullutun nan rami a jikin kafet, a kawar da kwalin tishu da takardu daga kansa.

Sai kaftar ɗin ciki. Ana zuƙo masa iskar mota ne ta ɗan tiyo ko ta ƴar ƙaramar fanka. Ka sa fanka a ƙarshen ƙarfinta, ka yagi tishu kamar faɗin yatsa biyu ka kai bakin ƴar tagar. In ya manne, zuƙa na nan. In ya faɗi, ko tiyon ya cire lokacin da aka sa rediyo, ko ƙura ta toshe. Bayan hunturu biyu ko uku, in aka ciro kaftar ɗin akan tarar da shi sanye da rigar ƙura da zaren tufafi, ja-ja, mai kauri har ba a ganin ɗan ƙwayar da ke jin zafin. A busa shi da iska a hankali, kada a kankare da ƙarfe. A nan ne kuma za a zaro filtar iska da ke bayan akwatin gaban fasinja. Littattafan Turai suna ba ta kilomita 15,000 ko shekara guda, amma a nan ta wuce hunturu ɗaya ta gama aikinta. Filtar da ta toshe takan sa fanka ta yi ƙara mai yawa, iska kaɗan.

Karanta lambobi, kafin a taɓa batir

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da cire kan batir. Cire batir yana goge lambobin laifin da ƙwaƙwalwa ta ajiye, kuma su ne shaidar da za ta nuna laifin da ke zuwa yana tafiya. A karanta, a rubuta a takarda, sannan a goge.

A yawancin Toyota da Lexus masu AUTO, su Camry, Avensis, Prado, Land Cruiser da RAV4, ba a buƙatar baliz, wato na'urar da ake jona wa mota don karanta laifinta. Mota a kashe, ka danne AUTO da maɓallin juya iskar ciki tare, kana riƙe da su ka sa kontak ba tare da tada inji ba. Fitilun allon za su yi ƙyafta sau 4, sannan lambobi su fito a wurin da digiri ke fita. 00 na nufin babu laifin da ta gani. 11 kaftar ɗin ciki ne, 12 na waje, 13 na ebaforata, 21 da 24 na rana, 22 na juyin kwamfiresa, 23 na matsin gaz. 31, 32 da 33 na nufin ƙwaƙwalwa ba ta samun labarin inda ƙofa ta tsaya: ta gauraya, ta iskar waje, da ta mafita, bi da bi. 41, 42 da 43 kuma sarbon waɗannan ƙofofi ne ba su kai inda aka aike su ba. A motocin da ke da ƙararrawa, lambar da ta fito da ƙara laifi ne da ke nan yanzu, wadda ta fito shiru tsohon laifi ne. In aka sa baliz, lambobin nan ne dai suke fitowa da B14 a gabansu: B1411, B1423, B1441.

Lamba 21 da 24 sun sa an sayi kaftar da yawa a banza. In an yi gwajin a ƙarƙashin rumfar gareji ko da dare, dole su fito, domin babu hasken da kaftar zai gani. A fitar da motar rana a sake. In sun ɓace, lafiyarsa ƙalau.

Daga nan in ka sake danna maɓallin juya iska, motar za ta shiga gwajin sarbo: tana canza ƙarfin fanka, tana juya ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, tana tada kwamfiresa tana kashewa. A samfura da dama maɓallin DEF, na hura gilashin gaba, yana tsayar da ita mataki-mataki don ka samu sararin sa hannu a kowace mafita ka ji. OFF ke fitar da kai.

Nissan nata salon daban ne: da tada inji, cikin daƙiƙa 10, a danne OFF na daƙiƙa 5. Da maɓallin digiri ake matsawa gaba. A mataki na biyu 20 lafiya ce, 21 kaftar ɗin waje, 22 na ciki, 24 na bakin ebaforata, 25 na rana. A lura, 21 ta Nissan ba 21 ta Toyota ba ce. Tsohuwar Mercedes E mai idanu huɗu, W210, in aka danne REST na daƙiƙa 5 tana nuna abin da kowane kaftar ke karantawa kai tsaye: 1 zafin ciki, 2 zafin waje, 5 ebaforata, 7 matsin gaz da ma'aunin bar. Peugeot 307 da 407 kuwa sai da baliz.

Auna kaftar

Lamba tana nuna layi ne, ba ta ce kaftar ɗin kansa ya mutu ba. Waya ce ɓera ya ci, ko fishi, wato mahaɗin wayar, ya yi kore, ko kaftar ɗin ma babu shi. Na waje ya fi kowa ɓacewa: mota ta yi karo, mai gyaran jiki ya sa sabon parshok, ya bar fishin yana lilo. Waɗannan kaftar irin waɗanda juriyarsu ke ƙaruwa da sanyi ne, don haka waya a yanke daidai take da sanyi mai tsanani a wurin ƙwaƙwalwa. Wasu motoci sai su rubuta -40 a tablo, su hana kwamfiresa tashi, domin an tsara su kada su kunna shi in waje ya kusa digiri 0.

Da mitar lantarki a kan om, fishi a cire, kaftar ɗin ciki da na waje na Toyota suna ba da wajen kilo-om 1.6 zuwa 1.8 a digiri 25, su sauko 0.5 zuwa 0.7 a digiri 50. Saboda haka a rana mai digiri 40, karatun da ke kusa da kilo-om 1 daidai ne. Na ebaforata yana ba da 4.5 zuwa 5.2 a digiri 0, da 2.0 zuwa 2.7 a digiri 15. Hanya mafi sauƙi ta gwada shi: kofin ruwa da ƙanƙara, a tsoma kansa, a ga lambar na hawa a hankali ba tare da tsalle ba. Sauran kamfanoni lambobinsu daban ne, amma halin ɗaya ne.

Kaftar ɗin ebaforata yana da alama tasa. In ya goce daga wurinsa ko yana ƙara wa zafi, kwamfiresa ba ya hutawa a wajen digiri 3 kamar yadda aka tsara, ƙanƙara ta rufe ebaforata. A cikin gari ba a ganewa. Sai an kama doguwar hanya, kafin a kai Ƙonni iska ta ragu, fanka na ta kuka, wani lokaci har hazo na fitowa. A kashe A/C a bar fanka minti 10, ruwa ya zubo ƙarƙashin mota, iska ta dawo. Wannan ba rashin gaz ba ne kai tsaye, ko da yake danshi a cikin bututu ma yakan kawo sanyi mai zuwa yana yankewa. Af, kada a auna lafiyar kilim da ɗigar ruwa a ƙasa: a watan Maris iskar Tawa ba ta da danshin da zai ɗiga, a watan Agusta kuwa ko kilim mai rauni yana zubar da ruwa.

Goge ƙwaƙwalwa da sake saita ƙofofi

Sake saiti yana maganin abu biyu kaɗai: ƙwaƙwalwar da ta rikice saboda batir ya yi rauni ko an yi jam da wata mota, da sarbon da ya manta iyakar tafiyarsa. Ba ya ɗinke waya, ba ya mayar da haƙorin giyar da ya karye.

A fara auna batir. In bai kai bolt 12.4 ba mota a kashe, a caja shi tukuna, domin sarbo yana koyon iyaka ne da tura ƙofa har ta tsaya, kuma da raunin wuta yakan tsaya a rabi ya ɗauka ƙarshe ke nan. A kashe kilim da OFF, a zare makulli. A Peugeot da Citroën a jira minti 2 zuwa 3 kafin a taɓa batir, ƙwaƙwalwar jikin motar ta yi barci, in ba haka ba a gyara kilim a tada wata fitinar. A kwance kan batir na baƙar waya, galibi da sifana lamba 10, a bar shi minti 5, a mayar a ɗaure sosai. A tsofaffin Toyota ba sai an taɓa batir ba, zare fizibil mai suna ECU-B na fiye da daƙiƙa 10 ya isa goge lambobi. Rediyon da ke neman lambar sirri, a tabbata ana da ita kafin a fara.

Yanzu a sa kontak, kada a tada inji, kada a taɓa ko maɓalli ɗaya na kilim har minti 1 ya cika. Ka kasa kunne wajen tablo: za ka ji ƴar ƙara siririya tana tafiya, ta tsaya, ta dawo. Ƙofofi ne ke zuwa ƙarshe da ƙarshe. Wanda ya yi gaggawar danna AUTO a nan ya katse karatun, sai a sake daga farko. Bayan haka a kashe, a jira daƙiƙa 10, a tada inji. A bi digiri daga LO zuwa HI a dawo, a bi mafita duka, fuska, ƙafa, gilashi. Gilasan ƙofa masu hawa da kansu za su so a riƙe maɓallinsu sama na ƴan daƙiƙu bayan sun rufe. A sababbin motoci, duk lokacin da aka canza sarbo, aikin saita shi yana cikin baliz, kuma ya fi cire batir tabbas.

In bayan wannan ana jin ƙas-ƙas-ƙas a cikin tablo, haƙoran roba sun cinye. In kuwa ƙarar ta yi kamar ana nema ana komawa, zafi na canzawa da kansa, layukan da ke cikin sarbon ne suka yi datti. Irin mai waya 5 yana mayar wa ƙwaƙwalwa wuta tsakanin wajen bolt 0.5 da 4.5 gwargwadon inda hannunsa yake, kuma ya kamata ta hau sumul. Ana buɗe shi, a yi alama a kan giya kafin a ɗaga, a goge layukan da alkol, a ɗan ɗaga ƴan yatsun tagullar da ke gogarsu, a shafa giris kaɗan. Kafin a mayar ko a sa wani, a juya ƙofar da hannu. In tana da tauri, sabon sarbo ma ba zai daɗe ba.

Akwai kuma soso da ke bakin ƙofofin. Zafinmu yana dafa shi, ya riƙa fitowa ta mafitar iska gutsi-gutsi, baƙi, yana manne wa riga. Da ya zube, iska na zagayawa ta ƙaramin radiyaton ɗumama mota, wanda ruwansa ke wajen digiri 85 zuwa 90. Don tabbatarwa, a matse tiyon ruwan da ke shiga shi na minti 10 da abin da ba zai yanke shi ba. In iskar ta ƙara sanyi sosai, an kama ɓarawon. Wasu suna cire radiyaton daga layi gaba ɗaya. Yana kawo sanyi, amma an rasa share raɓar gilashi da damina da ɗumin asubar Janairu. Wanda ya zaɓi hakan, ya haɗa tiyo biyun da juna, kada ya toshe su.

Sai yanzu maganar gaz

Fitilar A/C mai ƙyaftawa a Toyota, tare da lamba 22, na nufin juyin kwamfiresa bai yi daidai da na inji ba: fanbel na santsi, ko rele mai suna MG CLT ya ƙone, ko faifan maganaɗisu da ke haɗa kwamfiresa da fuli ba ya kamawa. Tazarar faifan da fuli ta kasance 0.35 zuwa 0.65 na milimita. In ta buɗe, yana kamawa da safe, ya saki da rana in nadin wayarsa ya yi zafi. Ana rage tazarar da cire siririn zoben ƙarfe ɗaya a bayan faifan. Sababbin kwamfiresa da yawa ba su da wannan faifai, tsakiyarsu kullum juyawa take, bawul na lantarki ke sarrafa su. Rashin jin "ƙat" a irinsu ba laifi ba ne.

A ɗaura mano, wato agogon auna matsin gaz, mota a kashe, inji ya huce. Gaz ɗin R134a yana nuna wajen bar 6.7 a digiri 30, 7.9 a digiri 35, 9.2 a digiri 40. Wannan yana nuna akwai gaz ne kawai, ba ya faɗin yawansa. Amma in a digiri 40 allura ta kai wajen bar 14, a yi zargin an zuba R22 na kilim ɗin gida, ko iska ta shiga. Kada a ƙara komai a kai, a kwashe duka. Inji na juyi 1,500, ma'aunin Toyota a zafin digiri 30 zuwa 35 shi ne bar 1.5 zuwa 2.5 a shuɗin agogo, na bututu mai kauri, 14 zuwa 16 a jan agogo, na siririn bututu. Da bazararmu jan yakan kai 18 zuwa 22 a tsaye. Duka biyun ƙasa, gaz ya ragu. Shuɗi sama ja ƙasa, kwamfiresa ya gaji ko bawul ɗinsa ya maƙale. Shuɗi ya faɗi ƙasa da sifili, hanya ta toshe. Duka biyun sama, gaz ya yi yawa ko kwandansa ba ya shan iska.

Wannan na ƙarshen shi ya fi yawa a nan. A watsa ruwa bokiti ɗaya a kwandansa: in jan ya faɗo nan take, sanyi ya shigo, to a dubi fankarsa da tsabtarsa. A tsakanin kwandansa da radiyato akan tarar da tabarmar ƙura, ganyen dogon yaro, fikafikan fara da ledoji, wadda ba a gani daga gaba. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, domin injin wankin mota yana kwantar da ƴan fikafikan alminiyon. A kuma tabbata fanka na jan iska zuwa wajen inji, don akan juya wayoyinta wajen canji. Matsi in ya kai wajen bar 31, ko ya faɗi ƙasa da 2, ƙwaƙwalwa na yanke kwamfiresa ta rubuta 23.

Abin da ba mu yarda da shi ko kaɗan ba shi ne jan waya daga batir zuwa kwamfiresa, a ce an yi masa direk. An cire duk kariyar nan ke nan. Man kwamfiresa yana yawo ne tare da gaz, ranar da gaz ya zube zai ci gaba da juyi a bushe har ya watsa garin ƙarfe cikin bututu duka, aikin rele ɗaya ya koma canjin kwamfiresa, kwandansa da bawul.

Gaz ba ya ƙarewa sai da yoyo. A nemi gaɓar da jar ƙura ta manne ta yi danshin mai, a gwada da ruwan sabulu ko a matsa da nitirojin, kada a kuskura da iskar oksijin ta masu walda. Bayan gyara a zuƙe iska da famfo aƙalla minti 30, a rufe a ga allura ba ta motsa ba, sannan a zuba gaz da sikeli daidai giram ɗin da ke rubuce a takardar ƙarƙashin kapo, galibi 400 zuwa 600 a ƙananan motoci. Takardar ce kuma ke faɗin irin gaz: yawancin motocin da aka sayar sababbi a Turai daga 2017 R1234yf suke sha. Masu haɗin lantarki irin Prius mansu ND-OIL 11 ne, man PAG na sauran motoci yana lalata musu kwamfiresa. A sa tabarau, R134a na tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, kuma kada a buɗe bawul ja inji na aiki.

In an gama, a goge lambobi, a tsaya a inuwa, gilasai a rufe, iskar ciki na juyawa, LO, fanka tsaka-tsaki, ma'aunin zafi a mafitar tsakiya. Cikin minti 10 a ga digiri 5 zuwa 10, ko ɗan sama da haka in ranar ta wuce 42. Sannan a danna AUTO a sa 24, a yi tafiyar minti 15. Fanka ta fara da ƙarfi, ta riƙa sauka da kanta yayin da ciki ke hucewa. A dawo a sake karanta lambobin a cikin rana, a ga 00.